Wata goma da na'urar auna ƙurar iska a gidana a Anguwan Rogo

Tarin Inna ne ya sa na sayi na'urar nan, ba sha'awar kayan zamani ba. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Jos, albashina kuwa tun kafin ya shigo an san inda zai ƙare. Amma duk shekara da zarar Disamba ta kama, sanyi ya sauko, hazo ya shafe duwatsun da muka saba hangowa daga unguwa, sai mahaifiyata ta fara tarin dare, irin wanda in ka ji daga ɗakinka barci ya ƙaurace maka ke nan. Bara da muka kai ta asibiti likita ya ce a nesanta ta da ƙura da hayaƙi. Na yi godiya muka fito. Muna cikin keke a hanyar gida nake ta juya maganar a raina: wace ƙurar? Wadda iska ke kwasowa daga hamada, da ba ni da iko a kanta, ko ta tsakar gidanmu?

A wani shagon kayan waya da ke wajen Terminus na same ta, ko in ce na sa aka samo mini. Da na nuna wa mai shagon hotonta sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai ta masu bincike ce, me za ka yi da ita?" Duk da haka ya karɓi rabin kuɗi, ya ce in ba shi mako guda a kawo daga Legas. Makon nasa ya zama uku. Ban riƙe shi da wannan ba, don duk kiran da na yi ya ɗauka, bai taɓa ce mini tana hanya ba alhali ba ta taso ba. Inda muka saɓa shi ne ranar da na je karɓa, da ya fara yabon kaya yana cewa tana gano har ƙwayoyin cuta a iska. Ba ta ganowa. In wani mai shago ya faɗa maka haka, ka san bakin kasuwa ne kawai.

Girmanta bai wuce sabulun wanki ba. Tana da ɗan allo a gaba, ramuka a gefe, kuma da cajar waya ake cajinta. In ka kara ta a kunne za ka ji wata 'yar fanka tana juyawa a ciki. Fankar ce ke janyo iska ta ratsa da ita ta gaban hasken leza, duk ɓurɓushin da ya gifta sai ya watsa hasken, na'urar kuma ta yi amfani da yadda hasken ya watsu ta ƙiyasta yawan ɓurɓushin da nauyinsa. A lura da kalmar: ƙiyasi take yi, ba awo da sikeli ba. Manyan tashoshin da hukumomi ke kafawa su ne suke tara ƙurar a kan matata su auna ta yadda ya kamata, kuɗinsu kuwa ba na malamin makaranta ba ne.

Lambar da ta fi muhimmanci a allon ita ce PM2.5, wato ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba. Silin gashin kan mutum ya ninka shi kusan sau talatin. Ƙanƙantarsa ce illarsa, domin gashin hanci ba ya tare shi, yana zarcewa can ƙasan huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ma'auninta: matsakaicin yini guda kada ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, na shekara kuwa kada ya wuce 5. Kafin nan, a ma'aunin 2005, 25 ne da 10. Na rubuta 15 ɗin da alli a jikin ƙofar ɗakin Inna don kowa ya gani. Cikin kwana biyu na gane cewa a gidanmu wannan lambar baƙuwa ce, sai an yi ruwan sama take leƙo mu.

Ranar farko ba zan manta da ita ba. Bayan isha'i na ajiye ta a kan tebur a falo, tana nuna talatin da wani abu. Maman Ummi ta shigo da kasko ta zuba turaren wuta kamar yadda ta saba kowane dare, ta ajiye a lungu. Ban ce komai ba, ido kawai na zuba wa allon. Hamsin. Casa'in. Ɗari da sittin. Kafin ƙamshin ya gama cika ɗakin lambar ta haura ɗari uku, allon ya koma wani launi mai duhu da ban san yana da shi ba. Na ce, "Zo ki gani." Ta duba, ta dube ni, ta ce, "To Malam, yanzu turaren nawa ne ya zama cuta? Shekara goma sha biyu kana yabonsa." Na ce ni ban ce ba, na'ura ce ta ce. Ta ce to na'urar ta zo ta gyara maka ɗaki. Muka daidaita a kan a riƙa turara falo da rana, taga a buɗe, lokacin Inna tana tsakar gida tana shan hantsi.

Kurfoti ya fi turare muni, kuma shi ne ainihin abin da na gano. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin gas ya tashi, gidaje da yawa a unguwarmu suka koma gawayi, har da namu a wasu ranakun. Ga kuma al'adarmu ta mutanen Jos, in sanyi ya tsananta a Janairu sai a shigar da kurfoti ɗaki a ji ɗumi. Inna ba ta kwana sai da shi. Wata asuba na shiga gaishe ta da na'urar a aljihu, na tarar ɗakin nata ya ninka tsakar gida sau da yawa, alhali a waje hazo ya yi kauri har ba ka ganin hasumiyar masallacin layinmu sosai. Wato muna rufe ta a ɗaki don gudun ƙurar waje, muna haɗa ta da abin da ya fi ta. Na sayo mata bargo mai kauri da robar ruwan zafi. Ta yi mitar kwana uku, ta ce tun tana yarinya ake kwana da wuta ba wanda ya mutu, sannan ta haƙura.

A nan dole in ja kunnen duk mai niyyar saye. Wannan na'urar ɓurɓushi kaɗai take gani. Ba ta jin iskar nan mai guba da gawayi da janareta ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kashe iyali guda cikin barci. Gawayin da ya gama kamawa ya yi ja ba ya hayaƙi sosai, don haka allon zai iya nuna maka lamba mai daɗin gani alhali ɗakin ya cika da guba. Wannan aikin wata na'ura ce daban mai ƙara. Takardar da ke cikin kwalin, da Sinancinta da gurguwar Turancinta, ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kan haka ba, kuma wannan shi ne babban laifin da na kama masu haɗa ta da shi.

Sai batun manhaja. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jos ya sa mini wata a waya, irin masu nuna taswirar gari da launuka, kore, rawaya, ruwan lemo, ja, har da hasashen kwanaki masu zuwa. Na yi mako guda ina zargin ɗaya daga cikinsu da ƙarya, don manhaja za ta ce 150, na'ura ta ce 55. Ashe ba yare ɗaya suke yi ba. Na'urar tana ba da maikirogiram ne kai tsaye, manhajar kuwa maki take bayarwa a ma'aunin Amurka, inda maikirogiram 55 da ɗoriya yake daidai da maki 151, mafarin launin ja. Da na shiga saiti na mai da su ma'auni ɗaya, sai gardamar gaskiya ta fito fili.

Manhajar za ta ba Anguwan Rogo lamba, ta ba Farin Gada, ta ba Rayfield, ta ba Bukuru, duk kusan abu guda. Wanda ya san Jos ya san wannan ba zai yiwu ba. Ka tsaya a Farin Gada da safe manyan motoci suna sauke kayan gwari suna tuƙar baƙin hayaƙi, sannan ka je Rayfield cikin bishiyoyi, ba ka buƙatar na'ura, hancinka ya isa shaida. Da na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan lambar sai na ga an ce ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta. Babu wata tasha a bayan gidana da take aiko musu da labari.

Ga yadda abin yake, kuma a nan ne malamin lissafin da ke cikina ya ji daɗi. Taurari irin Terra da Aqua na hukumar NASA, waɗanda aka harba a 1999 da 2002, suna auna yadda ƙura da hayaƙi suke dusashe haske tun daga sama har ƙasa. Ba su san ko ƙurar tana daidai hancinka ba ne ko tana can sama da kilomita biyu. Sai a haɗa wannan da bayanan iska da zafi da laima, da ƙiyasin hayaƙin motoci da girki da ƙone daji, a zuba a babban tsarin lissafi ya fitar da hasashe. Na shirin Copernicus na Tarayyar Turai yana ba da hasashen kwana biyar na duniya baki ɗaya, amma ya yanka duniyar gida-gida kamar dara, kowane gida kusan kilomita 40. Daga tsakiyar Jos zuwa Bukuru bai kai rabin haka ba. To ina mamakin a ba mu lamba ɗaya? Ba don lungun mai ƙosai aka gina shi ba.

Inda akwai tashoshi da yawa a ƙasa, kamar biranen Turai, akan cike giɓin da ke tsakaninsu da wata dabara da ta ba ni sha'awa saboda asalinta. Wani injiniyan haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu, Danie Krige, shi ya fara ta a 1951 don ƙiyasta yawan zinariya a ƙarƙashin ƙasa daga 'yan ramukan gwaji. Daga baya masanin lissafi Bafaranshe Georges Matheron ya tsara ta ya sa mata sunan Krige. Hikimarta ita ce wurare biyu da ke kusa sun fi kama da juna a kan na nesa, kuma tana faɗa maka iyakar yadda za ka yarda da ƙiyasin a kowane wuri. Kakana ya yi aikin kuza a Filato zamanin Turawa, ya sha ba mu labarin yadda ake haƙa ramin gwaji a nan, a haƙa a can, a ce tsakani akwai arziki. Wani lokaci a dace, wani lokaci a tarar da jar ƙasa. Amma ko su sai da ramuka. Taswirar iskar da ba ta da tashoshi a ƙasa, taswirar kuza ce da ba a haƙa rami ko ɗaya ba.

Kada a ce na kushe manhajar gaba ɗaya, akwai inda ta yi wa na'urata fintinkau. Ƙurar hunturu tafiyayya ce. Mafi shaharar tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa ta yi kudu maso yamma da ita. Irin wannan gagarumin gajimaren ƙura tauraro yana ganinsa tun daga tasowarsa. Sau da dama manhajar ta nuna jibi za a yi ja, jibin kuwa muka tashi gari ya yi fari fat, leɓe na tsagewa. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ma takan fitar da irin wannan gargaɗin na hazo, ana ji a rediyo. A irin waɗannan ranakun na lura na'urata ba ta tashi yadda ido ke gani. Dalili shi ne ƙurar hamada manyan ɓurɓushi ne suka fi yawa a cikinta, su kuwa ƙananan na'urorin leza an san su da raina irin wannan ƙurar. Lambar PM10 da take nunawa, wadda ya kamata ta kama manyan, ni ban ɗauke ta da nauyi ba, don kullum tana bin ta PM2.5 ne a baya kamar jela.

Da damina kuma sai ta juya ta koma zuzutawa. A Agusta, irin safiyar nan ta Jos da ake kwana ana yayyafi a tashi da raɓa da hazon ruwa, sai in ga lambar ta ɗaga alhali iska ta wanku tas. Laima ce ke kumbura ɓurɓushin, hasken ya gan shi ya fi girmansa. Wannan ba sirri ba ne: hukumar kare muhalli ta Amurka sai da ta fitar da lissafin gyara na musamman ga irin waɗannan ƙananan na'urori, wanda ke rage lambar yana la'akari da laimar iska. Amma da iskar Amurka aka gwada shi, ba da ta hunturunmu ba, don haka ban ɗauko shi na ɗora wa tawa ba.

Abin da na yi shi ne na buɗe littafi mai layi, irin na rajistar 'yan aji. Sau uku a rana, bayan asuba, da azahar, da bayan magariba, nake ajiye na'urar a kan katangar tsakar gida minti biyar in rubuta. A gefe ina da gurabe: akwai wutar lantarki ko babu, an yi ruwa ko ba a yi ba, da gas aka yi girki ko da gawayi, da abin da manhaja ta ce. Dole ta sa, domin na'urar ba ta ajiye komai, da ka kashe ta ta manta. Ranar da na je makaranta Ummi ke rubuta na azahar, da rubutunta mai kama da tafiyar kaza.

Da hutun zango na zuba lambobin a Excel a kwamfutar wani abokin aikina. Abu na farko da ya bayyana shi ne siffar yini: sama da asuba, ƙasa da azahar, sama sosai bayan magariba. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa da dare ƙasa na hucewa, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa mai ɗumi ta danne ta daga sama kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi sai rana ta ɗaga. Na biyu, matsakaici ya yaudare ni. Ranar da aka yi girkin biki da itace a gidan maƙwabta, da ranar da yara suka cinna wa bola wuta a bakin kwata, su biyun nan kaɗai suka ja matsakaicin watan sama. Da na jera lambobin daga ƙarami zuwa babba na ɗauki na tsakiya, sai ya fi kama da rayuwar da muke yi. Da wannan misalin na koyar da 'yan aji biyar bambancin ma'aunan biyu, kuma ban taɓa ganin sun gane darasin da sauri haka ba.

Na uku shi ne inda na sha ƙasa. Na gwada jan layin da ya fi dacewa da lambobin, in ga me ya fi tasiri. Abin da ya fi kowanne iya faɗin lambar gobe shi ne lambar yau. Rashin wuta ma ya fito, don da an ɗauke ta janaretocin layinmu ke tashi gaba ɗaya. Sai na yi murna na ga gawayi ya fito da ƙarfi, har na fara shirin kai wa Maman Ummi hujja. Da na sake dubawa sai na ga ranakun gawayin nan yawancinsu ranakun tsananin sanyi ne, su ne kuma ranakun hazo, su ne ranakun da dukan unguwa ke hura wuta. Abu uku sun shigo ta ƙofa ɗaya, ta yaya zan ce wane ne ɓarawon? Da littafi ɗaya da gida ɗaya ba za a raba su ba. Na rufe kwamfutar ban kai ƙarar kowa ba.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Batirinta ba ya kai yini, kuma a garin da wuta ke zuwa da tafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hasken allon ba ya raguwa, in ka bar ta a ɗaki da dare kamar ka kunna 'yar fitila. A wata na huɗu ramukan gefen suka toshe da ƙura har lambar ta daina motsi, sai da na busa su da abin hura ƙurar kwamfuta. Wayar cajin da ta zo da ita ta mutu cikin mako shida, mai shagon ya canza mini ba tare da gardama ba, har ya tambaye ni, "Malam, wai da gaske tana aiki?" Na kunna ta a shagon nasa, janaretansa na ruri a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kira yaronsa ya ce a ja injin can gaba.

Wanda yake da mai asma ko tsoho mai tari a gida, kuma zai iya haƙurin rubutu, na ce ya saya. Ya yarda da ita in ta ce yanzu ya fi ɗazu, ko ɗaki ya fi waje, amma kada ya rantse a kan lambar kanta. Wanda yake son sanin ko jibi za a yi hazo, ya bar kuɗinsa a aljihu, manhajar kyauta da rediyo sun ishe shi. Wanda kuma yake kwana da kurfoti ko janareta kusa da taga, ba wannan ce ta farko da ya kamata ya nema ba, mai ƙarar nan ce, ni ma na ba mai shagon nan saƙon ta, ya ce mako guda.

Tarin Inna bai tafi ba, amma hunturun da ya wuce mun fi samun barci, ita da mu. Ko cire kurfotin ne, ko maganin likita, ko duka biyun, littafina ba zai iya rabewa ba. Yanzu damina na ja da baya, na sayi sabon littafi na ƙara gurbi ɗaya na ranakun da ta yi tari. Jiya da asuba na fito da na'urar zan ɗora a katanga, tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, ta ɗago ta ce, "To, me 'yar sabulun taka ta ce yau? In fito ko in zauna?"